Ƙaton Ƙarfen da Ya Sauka a Omdurman

A watan Fabrairun 2022, ina zaune a situdiyo ina jiran mai karanta labaran ƙarfe huɗu ya sauka in hau, sai ga saƙon murya ya shigo wayata daga Omdurman. Ɗan'uwana ne na jini, wanda nake kira Yaya saboda ya girme ni da shekara 15. Kakansa wan kakana ne. Ya bar Kano a ƙasa da niyyar aikin hajji, ya yada zango a Sudan don neman guzurin ƙarasawa, ya je Makka ya sauke farali, da ya dawo kuma sai zangon ya zama gida. Muryar Yaya a ranar ba yadda na saba jin ta ba ce. Ya ce, "Ƙanena, Sami Kilak ya rasu. In da hali ka sa waƙarsa a gidan rediyonku." Na mayar masa da cewa, "Yaya, sai haƙuri, amma wane ne shi? Malami ne ko ɗan siyasa?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai dai an yi ɗan jarida! Mutumin da ya rera waƙar Girandaiza ne ba ka sani ba?"

Ban sa waƙar ba, domin babu mai saurarona ko ɗaya da zai gane inda aka dosa. Amma abin ya tsaya mini a rai. Magidanci mai furfura a gemu, direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar Port Sudan, shi ne yake juyayin mutuwar wani mawaƙin Labanan, Sammy Clark, saboda wani katun na Japan da ya kalla yana ɗan firamare. Daga ranar na shiga bin diddigin abin, ina karantawa, ina kuma takura wa Yaya da tambayoyi. Abin da na tattara ke nan nake so in baje wa mai karatu.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna a zamanin da NTA ke haska Voltron, zakunan ƙarfe biyar da ke haɗuwa su zama ƙato guda mai takobi, ya riga ya san dangin abin da nake magana a kai. Shi ma Voltron ɗan Japan ne, Amurkawa ne suka saye shi suka sake masa suna da murya a 1984. Amma kakan wannan zuri'a gaba ɗaya ya girme shi da kusan shekara 30, kuma daga cikin tokar yaƙi ya fito.

Mitsuteru Yokoyama haifaffen birnin Kobe ne, a 1934. Yana yaro jiragen Amurka samfurin B-29 suka yi wa birnin ruwan wuta a 1945, unguwanni suka koma fili. Shekara 11 bayan haka, a 1956, ya fara zana wani labari a wata mujallar yara mai suna Shonen, ya sa masa suna Tetsujin 28, wato Mutumin Ƙarfe mai lamba 28. A labarin, an ƙera wannan ƙaton mutum-mutumi ne a ɓoye a matsayin makamin da zai ceci Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. An yi 27 ba su yi ba, kafin na 28 ya kammala kuma yaƙi ya ƙare, an ci Japan. Sai makamin ya faɗa hannun wani yaro mai gajeren wando, Shotaro Kaneda, ɗan mutumin da ya ƙera shi. Shotaro ba ya shiga cikin ƙaton. Yana tsaye a ƙasa da wani ɗan akwati mai eriya a hannu, abin da yau za mu kira rimot, yana ba shi umarni.

A nan gishirin labarin yake. Tetsujin ba shi da zuciya, ba shi da ra'ayi, bai san aboki ba bai san maƙiyi ba. In akwatin yana hannun Shotaro, ya kama ɓarayi ya tare bala'i. In miyagu suka sace akwatin, abin da ke faruwa a kai a kai, sai ƙaton nan ya juya ya rushe garin da ya kare jiya. Mutumin da ya ga abin da ƙarfe mai tashi sama ya yi wa garinsu ne kaɗai zai ba yara irin wannan gwarzo.

A watan Oktoban 1963 labarin ya hau talabijin a tashar Fuji, baƙi da fari. Da ya tsallaka Amurka, wani mai shirya finafinai, Fred Ladd, ya sake masa suna Gigantor, ya mai da Shotaro ya zama Jimmy Sparks, ya tura labarin zuwa shekarar 2000, ya kuma share duk wata alaƙa da yaƙin. Ba a yi tsammanin yaran Amurka su tafa wa makamin da aka ƙera don iyayensu ba. Na kawo wannan ne don mai karatu ya riƙe abu guda: duk wanda ya fassara labari, shi ke zaɓar abin da zai tsallaka da abin da zai bari a hanya.

A 1972 wani matashin mai zane, Go Nagai, ya ɗauke yaron daga ƙasa ya sa shi cikin kan ƙaton, ya riƙa tuƙa shi kamar mota. Ya ce tunanin ya zo masa ne yana kallon cunkoson motoci, yana raya cewa da mota za ta fitar da ƙafafu ta tsallake na gabanta. (Da na gaya wa Yaya wannan, ya ce lallai mutumin ya san ciwon direba.) Wannan shi ne Mazinger Z. Na uku a jerin shi ne Grendizer, wanda Larabawa ke kira Girandaiza. Kamfanin Toei ne ya shirya shi, ya fara fita a Japan ranar 5 ga Oktoban 1975, ya ƙare a Fabrairun 1977 bayan kashi 74.

Gwarzonsa ba yaro ba ne kamar Shotaro, saurayi ne, kuma baƙo. Duke Fleed yarima ne na wata duniya mai suna Fleed, wadda rundunar Sarki Vega ta mamaye ta hallaka mutanenta. Yariman ya tsere da ƙaton ƙarfen da Vega ke kwaɗayin mallaka, ya faɗo wannan duniya tamu a jigace. Wani masanin sararin samaniya ya tsince shi ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa masa suna Daisuke, ya kama aikin kiwon dawaki a wata gona, babu wanda ya san asalinsa. Ba ya son faɗa. Ya fi son ya zauna a kan ciyawa yana kaɗa jita. Amma Vega ta biyo shi, ta kafa sansani a bayan wata, tana aiko da dodannin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Dole ya riƙa fita yana kare ƙasar da ba tasa ba, don kada ta ga abin da tasa ta gani.

A Japan an kalle shi, amma bai kai Mazinger farin jini ba. A waje ne ya tashi kan yara. Italiya ta fara haska shi a Afrilun 1978, Faransa a Yulin shekarar da sunan Goldorak. A daidai wannan tsakani ne aka ɗora masa muryar Larabci a Bairut.

A tuna wace Bairut ce. Yaƙin basasar Labanan ya ɓarke a Afrilun 1975, an raba birnin gida biyu, gabas da yamma, an cika hanyoyi da shingaye. A Maris ɗin 1978 Isra'ila ta kutsa kudancin ƙasar. A cikin wannan hali ne 'yan wasan rediyo da talabijin ke ratsa gari su je situdiyo su tsaya gaban makirfo, suna ba da muryarsu ga labarin wani yarima da aka ƙone masa ƙasa. Wanda ya yi muryar Daisuke shi ne Jihad al-Atrash, kuma ya sha faɗa a hirarraki cewa halin da ƙasarsa ke ciki ya shiga cikin yadda ya yi wasan. A matsayina na wanda ke ci da murya, na zauna na saurari aikinsa da kunnen sana'a. Bai ɗauki abin wasan yara ba. Ba ya tsuke murya ko ya yi shagwaɓa irin ta masu ganin yaro ba shi da hankali. Yana magana ne da nauyi, yana ba kowane harafi haƙƙinsa, kamar mai karanta labarai a daren da aka yi rashi. In ya kira sunan makami kafin ya harba, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi ko da ba ka jin Larabci.

Shawara mafi girma da mutanen Bairut suka yanke ita ce ta harshe. Ba su yi shi da Larabcin Labanan ba, ba su yi da na Masar ba wanda finafinai suka yaɗa. Sun yi shi da fusha, Larabcin littafi da huɗuba da labaran rediyo. Dalilin kasuwa na ciki: abin da aka yi da fusha zai sayu daga Kuwait har Maroko ba tare da an sake ɗora murya ba. Haka aka yi wa Sindbad, haka aka yi wa Adnan wa Lina, haka shirin Iftah Ya Simsim da aka fara a Kuwait a 1979. Su kuwa tashoshin gwamnati masu ƙaramin kasafi, katun ɗin Japan ya zo musu da sauƙi. Masu zanen sun ƙware wajen tsimi: hoto ɗaya a tsaye baki kawai ke motsi, yadda Daisuke ke tsalle ya shiga ƙatonsa kuma zane ɗaya ne ake maimaitawa a kusan kowane kashi. Yara ba su ɗauke shi aibi ba. Wurin da suka fi jira ma ke nan.

Ta wannan hanya Girandaiza ya iso bakin kogin Nilu.

Ga wanda bai san wurin ba, babban birnin Sudan gari uku ne da ruwa ya raba: Khartum, Bahri da Omdurman, a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Khartum ce mazaunin fadar gwamnati da ma'aikatu. Omdurman, a yammacin kogin, ita ce garin Mahadi da Halifa Abdullahi, garin kasuwa da mawaƙa da ƙwallon Hilal da Marrikh, kuma ita ce muryar ƙasar. A 1940 Turawan Ingila suka buɗe gidan rediyo a wani ɗaki na gidan waya a Omdurman don yaɗa labaran yaƙi. Kalmomin buɗe tasha, "Huna Omdurman", wato nan Omdurman ke magana, sun zama abin da kowane ɗan Sudan ya tashi da shi a kunne. Mu Hausawa muna da rabo a wannan tarihi: mace ta farko da ta yi waƙa a wannan rediyo, a farkon shekarun 1940, ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, 'yar wani malami, haifaffiyar Kassala. Ta rasu a 1974. Talabijin kuwa an fara gwajinta a ƙarshen 1962 da taimakon Jamus ta Yamma, zamanin Janar Ibrahim Abbud, ta kankama a 1963, shekarar da Tetsujin ya hau allo a Tokyo. Rediyon da talabijin ɗin suna maƙwabtaka a unguwar Mulazmin, dab da kogi.

Yaran Sudan ba a Girandaiza suka fara sanin labarin zane ba. Tun 1946 suna da mujallarsu ta Al-Sibyan, da wani barkwancin dattijo mai suna Ammak Tango, wanda Sharhabil Ahmad, mawaƙin nan da ake wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, ya daɗe yana zanawa. Amma mujalla sai wanda ya iya karatu kuma ya samu. Talabijin ɗaya kuwa tana ɗaukar yaran layi guda.

Yaya ya tashi ne a Ishash Falata, tsohuwar unguwar mutanenmu a kudancin Khartum, wadda aka tashe ta daga baya aka mai da mazaunanta wani wuri. Falata shi ne sunan da Sudan ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari ta sa musu. Wasu alhazai ne irin kakan Yaya. Wasu ayyukan auduga na Jazira ne suka riƙe su bayan an gama madatsar ruwan Sennar a 1925. Wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

A gidansu Yaya babu lantarki, balle talabijin. Ya ce akwai wani mai shago a bakin unguwa da ke da ƙaramar baƙi da fari, yana haɗa ta da batirin mota. Da la'asar sakaliya, in an taso daga makarantar allo, sai ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan tebur. Manya a kan angarib, gadon nan na igiya, yara a ƙasa a kan rairayi. Tasha ɗaya ce, ba ta buɗewa sai da yamma, a fara da karatun Alƙur'ani, sannan a ba yara rabonsu. Wanda ya makara ya rasa, babu maimaici, babu wanda zai riƙe maka. In batiri ya yi sanyi sai hoton ya riƙa tsukewa yana komawa tsakiyar allo, yara suna addu'ar Allah ya sa Daisuke ya gama da dodon kafin ya ɓace. Washegari a makaranta wanda ya kalla shi ne sarki. Ya ce sai da ya girma ya san ƙahonin Girandaiza rawaya ne. Shi dai toka-toka ya san su.

Shekarun nan ba na daɗi ba ne a Sudan. Ƙarshen mulkin Ja'afar Numairi ne: layin burodi, layin fetur, ɗaukewar wuta. A 1983 yaƙin kudu ya dawo. A 1984 fari ya koro dubban mutane daga Kurdufan da Darfur suka zube a Muwailih, a yammacin Omdurman. A Afrilun 1985 jama'a suka fito titi, soja suka sauke Numairi yana ƙasar waje. Yaron da ke zaune a kan rairayi bai san waɗannan sunaye ba, amma ya san akwai mutanen da ake raba su da garinsu.

Na tambayi Yaya abin da ya fi kama shi a labarin, ina zaton zai ce faɗan. Sai ya ce, "Ƙanena, mutumin nan suna biyu gare shi." Daisuke a gona, Duke Fleed in ya hau ƙatonsa. Ya ce shi ma haka ya tashi: a gida Hausa, da sunan da kakarsa ke kiransa, a makaranta Larabci, da cikakken suna irin na rajista, yana kiyaye harshensa kada wata kalma ta kuɓuce a yi masa dariya. Wannan ba tsoron yarinta kawai ba ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disambar 1897. Mutanen Burmi sun iso bayan wannan rana, haka ma akasarin alhazai. An sassauta dokar daga baya, amma tambayar "kai ɗan ina ne asali" ba ta bar bakin mutane ba, kuma rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, inda aka kashe ɗaruruwan mutane, Hausawa da maƙwabtansu, ya nuna har yanzu tana da dafi. To ga wani baƙo a talabijin, wanda ba a haife shi a ƙasar ba, amma ya fi kowa tsaya mata. Ba sai an yi wa yaron Ishash bayani ba.

Akwai kuma amfanin da ba a yi niyya ba. Yaro Bahaushe a Khartum yana tsakanin harsuna uku: Hausar gida, Larabcin titi na Sudan, da fushar makaranta. Ta ukun ita ce mai wuya, domin babu mai magana da ita a kasuwa, kuma a allo haddarta ake yi da bulala a gefe. Girandaiza ne wuri na farko da Yaya ya ji ana fushi da fusha, ana kuka da ita, ana barkwanci da ita. Ya ce yara kan fita fili bayan an tashi, wannan ya ɗauki murfin tukunya, wancan kara biyu, suna ihun sunayen makamai da cikakken i'irabi, abin da malamin nahawu ya yi wata uku yana fama bai samu ba. Ni a ganina wannan shi ne babban abin da 'yan wasan Bairut suka bari, kuma shi ne abin da ke ba ni kishi. Muna da masu ɗora murya a Kano, irin su Algaita, da suka mai da finafinan Indiya suka zama kamar a Fagge aka yi su. Gwanintar tana nan. Amma akasarin aikin na manya ne, da Hausar tasha da ba'a. Yaranmu har yau da Turanci ko Larabci suke kallon katun, ba mu ba su wani gwarzo da ke magana da tsabtatacciyar Hausa mai nauyi da za su fita fili suna kwaikwayo ba.

Shi kuwa kakan zuri'ar, Tetsujin, bai iso ƙasashen Larabawa da tsohuwar rigarsa ta 1963 ba. An sake shirya shi da launi a 1980, aka fassara shi da sunan Ra'adul Imlaƙ, wato ƙato mai suna Tsawa. Yaya ya ce ya gan shi a kaset ɗin bidiyo a gidan wani maƙwabci da ke aiki a Saudiyya, kuma bai burge shi ba. Wane irin gwarzo ne wannan, in ji shi, da kowane ɓarawo zai iya ɗauke akwatinsa ya juya shi? Girandaiza na Duke Fleed ne shi kaɗai, ba ya cin amana.

A nan muka saɓa da Yaya, kuma har yau ba mu shirya ba. Ni ina ganin Girandaiza ya fi daɗi, amma Tetsujin ya fi gaskiya. Ba sai na je Japan neman hujja ba, ginin da ke Mulazmin ya ishe ni. Kowane ɗan Sudan ya san ma'anar ya buɗe rediyo da safe ya ji badujalar soja maimakon shirin da ya saba: a jira sanarwa ta ɗaya. Haka aka yi ranar 17 ga Nuwambar 1958 da Abbud ya karɓi mulki, haka ranar 25 ga Mayun 1969 da Numairi ya zo. A Yulin 1971 Hashim al-Ata ya riƙe makirfon kwana uku, Numairi ya dawo ya karɓe, aka harbe shi. Ranar 30 ga Yunin 1989 wani hafsa da mutane ba su sani ba, Umar al-Bashir, ya bayyana a allo, ya kuma zauna shekara 30. Ranar 11 ga Afrilun 2019 a wannan allo dai Awad Ibn Auf ya sanar da sauke shi. Mu ma a Najeriya mun san wannan kiɗa. Waɗanda suka girme ni suna tuna safiyar 13 ga Fabrairun 1976 da muryar Dimka. Na'urar watsa shirye-shirye ba ta tambayar wanda ya zauna a kujera. Wadda ta kai wa yaran Ishash muryar Jihad al-Atrash da la'asar, ita ce ke kai wa iyayensu sanarwar dokar ta-ɓaci da safe. Mu ma'aikatan rediyo ba mu cika son a tuna mana wannan ba.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan ƙarƙashin Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemeti. Gidan rediyo da talabijin na cikin wuraren da aka fara kokawa a kansu. Shirye-shirye suka katse, RSF ta riƙe ginin kusan wata 11, tashar gwamnati ta koma watsawa daga Port Sudan, sai ranar 12 ga Maris ɗin 2024 soja suka sanar da ƙwato shi. A cikin wannan gini ne ake ajiye faya-fayai da kasakasai na fiye da shekara 70: muryoyin mawaƙa, jawaban shugabanni, wasannin kwaikwayo, shirye-shiryen yara. Girandaiza kansa ba ya cikin haɗari. Kasonsa 74 suna nan a intanet, Saudiyya ma ta gina masa mutum-mutumi mai tsayin mita 33.7 a Riyad a 2022, kamfaninta na Manga Productions ya shiga cikin fitar da sabon zubi mai suna Grendizer U a 2024. Shi ma Tetsujin yana tsaye a wani dandali a Kobe tun 2009, alamar farfaɗowar birnin bayan girgizar ƙasar 1995. Abin da na Japan ne yana da masu adana shi. Abin tsoro shi ne na gida, irin muryar A'isha Falatiya, wanda in faifansa ya ƙone babu wani kamfani a Tokyo da ke riƙe da kwafinsa.

Yaƙin ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu. Yaya na cikinsu. Tun bayan tashin Ishash ya ƙaura Omdurman, ya gina gida a Umbadda, ɗaki bayan ɗaki, cikin shekara 20. Ya jure wata huɗu, sannan ya kwashi iyalinsa suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Bayan doguwar tafiya ta Chadi suka iso Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin kakansa. Muka sama musu ɗakuna biyu a Kurna. Cikin mako guda 'yan unguwa suka sa masa suna Ɗan Sudan, saboda Hausarsa mai ɗauke da Larabci da jallabiyarsa mai faɗi. Ya ce mini, "Ƙanena, shekara 50 ina Bafalace a can, na zo nan kuma na zama Balarabe." Da dariya ya faɗa, ni dai ban iya tayawa ba.

Wata Juma'a da yamma na je gaishe su, na buɗe wa autansa ɗan shekara 7 kashin ƙarshe a wayata. A nan ne aka ci Vega, Duke Fleed da ƙanwarsa Mariya suka yi sallama da mutanen gonar da suka riƙe su, suka tashi suka koma duniyarsu don su sake gina ta. Yaron bai yi makaranta ba tun da yaƙi ya fara, fushar ta yi masa nauyi, sai uban ya zauna kusa da shi yana fassara masa jimla bayan jimla, rabi da Hausa rabi da Larabcin Omdurman. Na lura bai ko kallon allon. Ya san abin da za a faɗa kafin a faɗa.

Bayan soja sun karɓe Khartum a Maris ɗin 2025, Yaya ya ƙi zama. Ya bar iyali a Kurna ya koma shi kaɗai ya ga abin da ya rage. Saƙonsa na farko ya iso ne ina situdiyo, kusan a irin lokacin da na Sami Kilak ya zo. Ya ce ya bi ta Mulazmin a motar haya, ya ga ginin daga nesa, bangon duk huda. Gidansa na Umbadda yana tsaye, amma an cire ƙofofi da tagogi, an zare wayoyin wuta daga cikin bango, itacen lemun tsamin da ke tsakar gida ya bushe. Na ce, "Yaya, to yaushe za su taho?" Ya ce in gaya wa maman yara ta ƙara haƙuri, ya yi magana da wani maƙeri, sai ya sa ƙofar waje tukuna.